Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano A Kan Ɗalibai Masu Ƙiba

Mai girma Kwamishina,

 

Ranka ya daɗe, na san teburinka a cike yake. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, maganar da ke bakin kowa ita ce ta rufin da iska ta yaye, da yaran da ke karatu a ƙasa, da ajin da ya cika har malami ba ya samun wurin tsayawa. Duk gaskiya ne, kuma ban raina ko ɗaya ba. Abin da na zo da shi ba ya buƙatar siminti ko kwano ko ɗan kwangila. Magana ce a kan wasu yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha takwas da ke makarantunmu na sakandare, na kwana da na jeka-ka-dawo, na gwamnati da na kuɗi, waɗanda Allah Ya yi su da jiki, aka mai da jikin nasu abin wasa tun daga ƙofar makaranta har a kaɗa ƙararrawar tashi.

Ni malama ce, na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Yarinya mai ƙiba ba ta daɗewa a aji ɗaya sai ta rasa sunanta na yanka. Ta koma Giwa, ko Randa, ko Buhu, ko Lukuta. Namiji ya koma Tumbi ko Teɓa. Sunan ya bi shi shekara shida, wani ma har ranar ɗaurin aurensa abokai ba su daina ba. In abinci bai isa ba a ɗakin cin abinci, ita ake harara. In benci ya karye, ko da gara ce ta cinye ƙafarsa tun bara, shi ne ya karya. In wani wari ya tashi a aji, kowa sai ya waiwaya wajensa. A ɗakin kwanan maza, yaron da ƙirjinsa ya ciko yakan jira sai dare ya raba kafin ya je wanka, ko ya haƙura da wankan gaba ɗaya, sannan gobe a ƙara masa da gorin ƙazanta. Yanzu kuma ga waya. Da can tsokana takan tsaya a bakin ƙofar makaranta. Yau ana ɗaukar yarinya hoto tana cin abinci ko tana gudu, a ɗora waƙa a kai, a watsa a WhatsApp da TikTok, ta koma gida hutu ta tarar abin ya riga ta isa unguwa.

Da yara ne kaɗai ke yi, da sai in ce ƙuruciya ce, in rubuta wa iyaye. Kai na rubuta wa domin ma'aikatanka na ciki dumu-dumu. Akwai malamin da in ya ga aji ya yi sanyi, hanyar da ya fi sauƙin ta da shi ita ce ya jefi mai ƙiba da magana: "Ke kam kin cinye rabon ƙannenki." Aji ya ɗauki shewa, darasi ya ci gaba, kowa ya ji daɗi ban da mutum ɗaya. Akwai metiron da ke cewa, "Wa zai kwashe ki a haka?" Akwai malamin motsa jiki da ke sa yaro ya zagaya fili shi kaɗai, sauran na tsaye suna tafi suna ƙirga masa. Kuma in ka yi wa ɗayansu magana, amsar ɗaya ce, kamar sun haɗa baki: "Ai gata nake yi masa. In bai ji haushi ba, ba zai rage ba."

Wannan jimlar ita ce tushen matsalar, ranka ya daɗe, domin mafi yawan masu faɗarta da zuciya ɗaya suke faɗa. Sun yarda cewa kunyata yaro magani ne mai ɗaci da ke warkarwa. An gwada wannan zato, an auna shi shekara da shekaru, kuma ya faɗi.

A 2014 masu bincike biyu a Kalifoniya, Janet Tomiyama da Jeffrey Hunger, suka fitar da sakamakon bin diddigin 'yan mata sama da 2,000 daga shekara goma zuwa sha tara. Waɗanda aka taɓa ce wa "kin yi ƙiba da yawa" suna 'yan shekara goma sun fi sauran yiwuwar kasancewa cikin ƙiba mai tsanani a shekara sha tara. Kada a ce ai dama sun fi ƙiba tun farko, shi ya sa aka faɗa musu: masu binciken sun cire wannan daga lissafi, suka kwatanta yara masu nauyi ɗaya, bambancin bai gushe ba. Kuma maganar ta fi yin illa in daga bakin ɗan gida ta fito. Kafin nan, a 2003, an tambayi ɗalibai 4,746 a jihar Minesota ta Amurka, aka tarar waɗanda ake tsokana saboda jikinsu sun fi fama da ƙuncin zuciya da raina kai da tunanin kashe kansu, ko da kuwa nauyinsu bai wuce na sauran ba. Wato ba kitsen ne ke jefa yaro cikin wannan hali ba, bakin mutane ne. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da matsaya a rubuce cewa tsangwama ba ta sa yaro ya rage ƙiba. Abin da take haifarwa shi ne ci babu ƙaƙƙautawa, da janye jiki daga mutane, da ƙin motsa jiki, da gudun asibiti, da ƙarin nauyi.

Duk malamin da ya lura da ɗalibansa ba ya buƙatar Bature ya faɗa masa dalili. Yaron da aka yi wa dariya yana gudu ba zai sake gudu ba. Zai koyi ciwon ciki na ƙarya duk ranar wasanni. Yarinyar da ake leƙa kwanonta za ta daina ci a gaban mutane, ta wuni da yunwa, sai dare ta buɗe akwati ta cinye garin kwaki da sukari da biskit ɗin da ya kamata su kai ta sati. Ga kuma abin da ido ba ya gani: zaman fargaba na kullum yana sa jiki ya yi ta fitar da sinadarin kotizol, wanda ke buɗe ciki, ya jawo kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya tara kitse a tumbi. Malamin da ya ce gata yake yi, ya tura yaron ne daidai inda ya ce yana so ya fito da shi.

Sannan akwai zato na biyu da ke ƙarƙashin na farko, cewa duk mai ƙiba haɗamamme ne kuma rago. A 1986 likita Albert Stunkard da abokan aikinsa suka duba mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai. Da suka girma, jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. Binciken tagwaye da ya biyo baya ya nuna gado na da kaso mai yawa, tsakanin 40 zuwa 70 cikin ɗari, a bambancin nauyi tsakanin mutane. Mu ma mun san haka a gidajenmu: 'yan ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, wannan kamar a busa ta faɗi, waccan kuwa ko ruwa ta sha sai ya zauna. Bayan gado akwai magani. Yaro mai asma ko ciwon ƙoda da aka ɗora a kan firednisolon fuskarsa takan kumbura, cikinsa ya fito. Wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin ƙwaƙwalwa suna sa ƙiba sosai. Akwai 'yan matan da ke da matsalar ƙwayayen mahaifa mai rikita al'ada ta kuma ƙara nauyi, akwai masu raunin maƙoƙo. Malamin da ke tsaye gaban allo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yana iya yi wa yarinya gorin ci alhali maganin da ke riƙe da numfashinta ne ya cika ta. Har ila yau, jikin 'ya mace yakan ƙara kitse a lokacin balaga, haka halittar take, kuma ba a gane ƙibar yaro da ido. Sai an auna nauyi da tsawo an duba jadawalin shekaru da jinsi.

Na san abin da wani zai faɗa a taron ma'aikata in aka karanta wannan wasiƙa: "Muna fama da yunwa, wata tana kawo mana zancen ƙiba." Yana da hujja. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Amma binciken nan dai shi ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Abubuwan biyu a gari ɗaya suke, wani lokaci a gida ɗaya, kuma ɗaya na haifar da ɗaya. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojan Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, mutane suka yi ta mutuwa da yunwa. A 1976 aka duba bayanan samari kusan 300,000 da suka zo aikin soja suna 'yan shekara sha tara. Waɗanda yunwar ta samu suna farkon watanninsu a cikin uwa sun fi sauran yawan ƙiba. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoyo, in ya samu ba ya saki. To, yaron da ya tsumbure a ƙauye yau, ya shigo birni gobe ya haɗu da taliyar leda da lemon kwalba da fanke, shi ne mai ƙibar jibi. Ba 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ake magana ba. Abinci mafi arha a ƙofar makaranta shi ne fulawa da sukari da mai. Ƙwai da kifi da 'ya'yan itace su ne suka gagari talaka.

Kuma adadin ƙaruwa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 2 cikin ɗari ne na yara 'yan shekara 5 zuwa 19 ke da ƙiba mai tsanani. A 2022 sun kai kashi 8, wato yara miliyan 160. A Satumban 2025 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanar cewa a karon farko masu ƙiba a wannan rukuni sun fi masu rama yawa a duniya. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya ne kawai ba su kai nan ba tukuna. Wannan "tukuna" ita ce damarka, ranka ya daɗe: kana da lokacin da za ka koyi darasi daga kuskuren waɗanda suka riga mu.

Wani abu da ke ɗaure mini kai shi ne yadda muke da baki biyu a kan jiki. Mu ne in mace ta yi aure ta ciko muke cewa ta samu hutu, miji ya iya kiwo. Mu ne in alhaji ya ajiye tumbi muke cewa naira ta zauna. Mu ne muke ɗura wa amarya kayan gyaran jiki, har 'yan mata na sayen ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda galibi deksametason ce ko sifroheftadin, ta farkon kuwa tana kumbura fuska ta jawo ciwon sukari da hawan jini ta raunana ƙashi. Maƙwabtanmu Zabarmawa a Nijar suna da al'adar hangandi ta ƙosar da mata, Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya. Amma mu ɗin nan dai, in yarinya 'yar aji uku ta zo da irin wannan jiki ba tare da ta nema ba, sai mu ce ta yi muni. Siririya a ce mata sandar rake, ta je ta sha ƙwaya. Mai jiki a ce mata randa, ta je ta sha shayin rage ƙiba. Kasuwa ɗaya ce ke cin kuɗin su biyun. Shayin nan da ake talla a Instagram yawancinsa ganyen filasko ne, gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ke fita ba kitse ba. A ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan kayan da ake ce wa na ganye zalla ɗauke da sibutiramin, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ka sa a binciki akwatunan ɗakunan kwanan 'yan mata, ba don a hukunta kowa ba, ka ga abin da za a samu. Finafinanmu na barkwanci ma ba su taimaka ba. Mai ƙiba a cikinsu kullum shi ne ɓarawon tukunya ko wanda ya maƙale a ƙofa. Wannan dai ba ofishinka ba ne, amma kana zama da masu ofishin.

Bari in dawo cikin makaranta, in faɗi wasu abubuwa da jahilci ke sa a hukunta yaro a kan ciwo.

Ranar duba tsafta, malama takan ɗaga hijabin yarinya ta ga bayan wuyanta ya yi baƙi ya yi kauri kamar karan-miski, ta ce dauɗa ce, ta sa ta durƙuso, wata ma ta sa a kawo soso a goge a gaban jama'a. Ba dauɗa ba ce, kuma ko da dutsen goge kaushi aka dirje ba za ta fita ba. Alama ce da ke fitowa a wuya da hammata in jiki ya fara bijire wa sinadarin insulin, wato gargaɗi ne na farko cewa ciwon sukari na iya zuwa. Yarinyar da ya kamata a rubuta wa takardar zuwa asibiti a gwada jininta, sai aka tozarta ta. Haka yaron da ke gyangyaɗi kullum a aji, ana zane shi ana ce masa kasa. Yara masu ƙiba da yawa numfashinsu na sarƙewa cikin barci, su yi ta farkawa ba su sani ba, gari ya waye kamar ba su runtsa ba. Minsharin da 'yan ɗaki ke yi wa dariya shi ne alamar. Sai kuma tsallen kwaɗo, horon da firifet da malami suka fi so. A shekarun balaga kan ƙashin cinya bai gama haɗewa ba, kuma a yara masu nauyi yakan iya zamewa daga mazauninsa. Yakan fara da ɗingishi da ciwon gwiwa ko na kwatangwalo. In aka ce ƙarya yake yi, aka ci gaba da sa shi tsalle, abin da tiyata ƙarama za ta gyara sai ya zama nakasa ta har abada. Waɗannan abubuwa uku ba sa cin awa guda a koya wa malami, amma a kwalejin horon malamai babu wanda ya koya mini su, sai daga baya na ji daga bakin likita.

Ga kuma ƙananan abubuwa da babba ba ya gani. Yunifom da rigar wasanni da ake ɗinkawa a kan awo biyu ko uku, yarinya ta karɓi wadda ba ta shige ta, ta yi ta jan hijabi tana rufewa. Kujerar da aka haɗe da tebur, wadda yaro ke shiga da ƙyar ya fita da ƙyar, aji na jiran wannan lokaci kamar wasan kwaikwayo. Gadon sama da ake ba shi da gangan don a ga yadda zai hau. Zaɓen 'yan wasa, inda ake barin shugabannin ɓangare biyu su yi ta ɗauka ɗaya-ɗaya har ya rage saura shi. Tun 1961 wani bincike a Amurka ya nuna wa yara zanen yara shida, da mai sanda, da mai keken guragu, da mai hannu ɗaya, da mai tabo a fuska, da mai ƙiba, da lafiyayye, aka ce su jera wanda suka fi so ya zama abokinsu. Mai ƙiba ne ya zo ƙarshe. Da aka maimaita a 2003, yana nan a ƙarshe, ƙyamar ma ta ƙaru. Yara ba sa buƙatar a koya musu wannan. Abin da suke buƙata shi ne babban da zai hana.

Yanzu ga gargaɗina, kuma shi ya fi damuna. Ina tsoron ranar da wata ƙungiya za ta zo ofishinka da kuɗi da takarda mai ƙyalli ta ce a yaƙi ƙiba a makarantu, a kawo sikeli, a auna yara a filin taron safe, a ware masu nauyi a ba su horo na musamman. Kada ka sa hannu. Singafo ta yi haka daga 1992: aka ware ɗalibai masu ƙiba aka sa su motsa jiki na dole kafin shiga aji ko lokacin tara, sauran na kallo. Iyaye suka yi ta kuka cewa an mai da 'ya'yansu abin nuni, har gwamnati ta soke shirin a 2007 ta maye shi da wanda ya haɗa dukkan ɗalibai. Jihar Akansas ta Amurka ta fara aika wa iyaye takardar awon nauyin 'ya'yansu a 2003, wasu jihohi suka kwaikwaya. Masacusets ta daina a 2013. Wani gwaji da aka yi daga baya a kan ɗalibai sama da 28,000 a Kalifoniya ya nuna takardun ba su rage nauyin kowa ba, awon kuma ya ƙara wa yara rashin gamsuwa da jikinsu. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. In za a auna yaro, ma'aikaciyar jinya ta auna shi a ɗaki a rufe, sakamakon ya tsaya tsakaninta da iyayensa.

Ba cewa nake yi ƙiba ba ta da illa ba. Tana da ita, asibitocinmu cike suke da masu sukari da hawan jini, wasu da ƙuruciyarsu. Cewa nake yi duk gyaran da zai yi aiki, na kowa da kowa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, siriri da mai jiki duka. Makarantun kuɗi nawa ne a cikin birnin nan da aka buɗe a gidan haya, babu filin da ko akuya za ta zagaya? Ma'aikatarka ce ke ba su lasisi. Makarantun 'yan mata nawa ne ke da malamar motsa jiki mace da wuri killatacce da yarinya za ta yi gudu ta yi tsalle hankali kwance? Kwalbar lemo guda na iya ɗaukar sukarin da ya kai cokalin shayi goma ko fiye. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo a 2022, kuɗin da ko alewa ba ya saye yanzu. Kai kuwa kana da ikon da ya fi haraji: kai ke cewa ga abin da za a sayar a cikin harabar makaranta. A gyara famfo yara su sami ruwan sha, a ba mai gyaɗa da mai dafaffen ƙwai da mai yalo da goba wuri a gaba, kowa ya amfana ba tare da an nuna kowa da yatsa ba.

Doka kuwa kana da ita a hannu. Kano ta sami dokar kare yara a 2023, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kuma ta ƙaddamar da manufar yaƙi da cin zali a makarantu a 2025. Sai dai malami in ya ji "cin zali", duka da ƙwacen kayan ƙanana yake hangowa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa barkwancinsa na cikin aji na ciki ba. Abin da ba a ambata da suna ba, ba a hana shi ba. Ko ba dokar gwamnati ma, mu da muke buɗe taron safe da addu'a mun san aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabai. Mun san ranar da iska ta bayyana ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud yana kan bishiya, sahabbai suka yi dariyar sirantakarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi shiru ba, ya nuna musu nauyin waɗannan ƙafafu a mizani. Malaman addini na makarantunmu sun haddace wannan. A ce musu su kai shi har kan Randa da Buhu.

Roƙona, ranka ya daɗe, takardar umarni ce guda daga ofishinka kafin a koma zango mai zuwa, ta bi ta hukumar makarantun sakandare da ta kimiyya da fasaha da ta makarantu masu zaman kansu, ta isa hannun kowane shugaban makaranta. Ta faɗa ƙarara cewa yi wa ɗalibi ba'a ko laƙabi a kan jikinsa, ƙiba ko rama ko tsawo ko launi, cin zali ne, kuma in malami ko metiron ko firifet ya yi, laifinsa ya fi na ɗalibi. Ta hana amfani da gudu da tsallen kwaɗo a matsayin horo, ta hana auna yara a bainar jama'a. Ta ce duk ɗinkin yunifom a tanadi manyan awo, kowane aji a ajiye 'yan kujerun da ba a haɗe da tebur ba. A kowace makaranta a sa malami ɗaya, mace a makarantar mata, wanda yaro zai kai wa ƙara a asirce ba tare da maganar ta dawo aji ba. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa ya riga ya tanadi zaman koyar da dabarun rayuwa ga 'yan mata a makarantun jihar nan. A saka maganar jiki da ƙwayoyin ƙiba da shayin ramewa a ciki. Likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da malaman Jami'ar Bayero suna nan kusa da kai; su rubuta shafi biyu da Hausa a kan baƙin wuya da barcin aji da ɗingishi, a raba wa malamai, a kuma saka shi cikin karatun ɗaliban makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi kafin su fito su riƙi alli. In ana neman waɗanda za su zagaya makarantu su yi wa malamai bayani, mu tsofaffin malamai muna nan da yawa a gida, a kira mu.

Allah Ya ƙara wa Kwamishina lafiya da basira.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata tsohuwar malamar sakandare,
Kano.